Chia da Riɗi: Wanne Ya Fi Amfanin Gidanmu?

Kwanakin baya matar wani abokin aikinmu ta dawo daga Kano da wata 'yar kwalba cike da ƙananan ƙwayoyi, waɗansu baƙaƙe, waɗansu toka-toka, ba su kai girman riɗi ba. A jikin kwalbar an rubuta chia, amma "ciya" ake faɗi. Ta ce a wani babban kanti ta saya, kuɗin kuwa ya fi na mudun riɗi. An gaya mata wai yana rage ƙiba, yana gyara jini, yana kuma sa yara ƙarfi. Ɗanta mai wata 14 ya daina ƙara nauyi, shi ya sa ta daure ta saya. Sai ta tambaye mu, ta ce, "Malam, cokali nawa zan riƙa ba yaron?"

A cikin makon nan kuwa maigidanta ya ɗora riɗin da ya noma duka a mota, bai rage ko mudu ɗaya ba. Wannan ya sa muka zauna muka yi lissafi, muka ga ya kamata mu kawo shi nan, gama ba gidansu kaɗai abin ya shafa ba.

Mene ne chia?

Chia ƙwayar wani tsiro ne ɗan'uwan na'a-na'a da ɗaɗɗoya. Asalinsa daga ƙasashen Meksiko da Gwatamala ne. Mutanen Aztek, waɗanda suka yi mulki a Meksiko kafin Turawan Sifen su ci su da yaƙi a 1521, sukan noma shi tare da masara da wake, har ma su biya haraji da shi. Daga baya noman ya ja baya ƙwarai, sai a zamaninmu ya farfaɗo. A 2009 ne Tarayyar Turai ta fara yarda a sa shi cikin burodi, daga nan kasuwarsa ta buɗe har ya iso kantunan biranenmu.

Ba mu ce chia banza ne ba. Abinci ne mai kyau. Kamar sulusinsa abin nan ne da masana ke kira faiba, watau irin abin da ke cikin dusa da ganye wanda ba ya narkewa, amma yakan sa bayan gida ya yi sauƙi. Yana kuma da wani mai da ake kira omega-3, wanda ke taimakon zuciya da jijiyoyin jini. In an jiƙa shi yakan sha ruwa kamar ninki 10 na nauyinsa, ya yi yauƙi kamar miyar karkashi. Saboda haka babban mutum da ya sha shi yakan daɗe bai ji yunwa ba.

Amma maganar rage ƙiba, an ƙara mata gishiri. A 2009 masana a Amurka suka gwada shi a kan mutane masu ƙiba, suka ba su giram 50 kowace rana har mako 12. Da aka sake auna su, nauyinsu bai ragu ba. Har wa yau akwai abin lura: a 2014 likitocin Amurka suka ba da labarin wani mutum da ya haɗiye busasshen chia cokali guda, ya bi da ruwa, abin ya kumbura ya toshe masa maƙoshi, sai a asibiti aka fitar. Wanda ya riga ya saya, lalle ya jiƙa shi tukuna, kada kuma ya ba ƙaramin yaro busasshe.

Mene ne kalori?

Kafin mu gwada chia da riɗi, bari mu san mudun da za mu auna da shi. Jikin mutum kamar murhu yake, abinci kuwa shi ne itacensa. Ko muna barci wutar ba ta mutuwa, gama zuciya tana bugawa, huhu yana aiki, jiki yana riƙe da ɗuminsa. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da ke cikin abinci. Kalori 1, irin wanda ake rubutawa a jikin gwangwani, shi ne zafin da zai ƙara wa ruwa lita 1 ɗumi da digiri 1.

Wani masani Ba'amurke mai suna Wilbur Atwater, wajen ƙarshen ƙarni na 19, ya tsara lissafin da ake bi har yau. Giram 1 na abinci mai gari ko sukari yana ba da kalori 4. Giram 1 na abinci mai gina jiki, watau furotin, shi ma 4. Amma giram 1 na mai yana ba da 9. Ku riƙe wannan, gama a nan maganar duka ta rataya: mai ya fi ninki biyu. Ruwa kuwa ba shi da kalori ko ɗaya.

Mace babba takan bukaci wajen kalori 2,000 a rana, namiji wajen 2,500. Manomi a tsakiyar damina yakan wuce 3,000. Mai shayarwa tana bukatar ƙarin wajen 500 bisa abin da ta saba. In abin da aka ci ya fi abin da jiki ya ƙona, ragowar takan zama kitse. In ya kasa, jiki yakan juya ya ci kansa, mutum ya rame, yaro kuwa ya daina girma.

A manyan birane mutane da yawa suna neman yadda za su rage kalori, su ne masu sayen chia. A ƙauyukan Kazaure, Ɓaɓura, Roni da Gwiwa damuwarmu dabam take. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna a Jihar Jigawa fiye da yara 6 cikin 10 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, watau tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Mu malamai mukan ga ƙarshen abin a aji: yaro ɗan shekara 9 kamar ɗan shekara 6, kafin a fita tara ya fara gyangyaɗi.

Mu ɗora su a ma'auni

Ga kalorin da ke cikin giram 100 na busasshen abu:

Gero, wajen 380
Wake, wajen 340
Chia, wajen 490
Gyaɗa, wajen 570
Riɗi, wajen 570
Man gyaɗa ko man riɗi, wajen 880

Ashe riɗinmu ya fi chia ƙarfi, gama rabinsa mai ne, chia kuwa bai kai sulusi ba. Wajen gina jiki sun yi kunnen doki, kowanne yana da furotin wajen giram 17, gyaɗa kuwa ta fi su duka da wajen 26. Wajen kalsiyam mai gina ƙashi da haƙori, chia yana da miligiram 630, riɗin da ba a cire wa ɓawo ba yana da wajen 975. Gaskiya ne jiki ba ya iya jan na cikin ɓawon duka, amma in an surfe ɓawon, yawancinsa ya tafi. Wajen sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, riɗi ya kusan ninka chia.

A wuri biyu chia ya yi nasara, faiba da omega-3. To, faiba ba baƙo ba ne a gidan da ake cin wake, kuka, kuɓewa, aya da geron da ba a surfe shi fes ba. Omega-3 kuwa akwai shi cikin kifi da waken soya. Kifin dam na Kazaure, ko busasshen kifi na kasuwa, sau ɗaya ko biyu a mako, ya taimaka.

Lissafin kofin kunu

Yanzu mu koma ga yaron nan mai wata 14. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yaro daga wata 12 zuwa 23 yana bukatar wajen kalori 900 a rana. In yana shan nono, nonon yakan ba shi wajen 350, saura 550 sai daga abinci. Cikinsa kuwa ƙarami ne, bai cika ɗaukar fiye da kofi ɗaya a zama guda ba.

Mu ce uwa ta dama kunu tsararo, garin gero giram 25 cikin kofin ruwa. Kalorinsa bai wuce 95 ba. Kafin yaron ya sami 550, sai ya sha kofi 6. Wane yaro ne zai iya? Cikinsa yakan cika da ruwa, ya ture kofin, uwa ta ce ya ƙoshi, alhali jikinsa yana jin yunwa.

To, a zuba babban cokali ɗaya na dakakken riɗi cikin kofin nan: an ƙara 50. A ƙara ƙaramin cokali ɗaya na man gyaɗa: an ƙara 40. Kofin bai ƙara girma ba, amma ƙarfinsa ya tashi daga 95 zuwa 185. Kofi 3 irin wannan sun yi aikin kofi 6. In an dama kunun da kauri, yadda zai tsaya a cokali, ya fi haka ma.

Da chia aka zuba fa? Zai ƙara kalori, amma zai sha ruwa ya kumbura, ya cika ɗan cikin da muke tattalinsa. Abin da ya sa yake da amfani ga mai tumbi, shi ne ya sa bai dace da ramammen yaro ba. Abin da muka gaya wa uwar yaron ke nan. Muka ce ita da maigida su sha abinsu, yaron kuwa a nemo masa riɗi da gyaɗa, a kuma kai shi awo.

Likitoci ma wannan hanya suka bi. Abincin tamowa da ake bayarwa a asibiti cikin 'yar leda, wanda wani likita Bafaranshe mai suna André Briend da abokin aikinsa suka ƙirƙiro a 1996, gyaɗa ce da mai da madara da sukari, aka ƙara sinadarai. Leda ɗaya mai giram 92 tana ɗauke da kalori 500. Da shi aka yi jiyyar dubban yara a Maraɗi lokacin yunwar 2005. Wannan magani ne na yaron da ya riga ya kwanta. Kunun riɗi kuwa rigakafi ne.

Yadda uwargida za ta yi

A rege riɗin sosai don tsakuwa da yashi su fita, a shanya ya bushe. A soya shi sama-sama a kasko ba tare da mai ba, har ƙanshi ya tashi, kada a bari ya ƙone, gama zai yi ɗaci. Sa'an nan a daka ko a niƙa ya yi laushi. Dakan nan wajibi ne, don riɗin da aka haɗiye ɗungum yakan fita yadda ya shiga. A riƙa daka na mako guda kawai, a rufe cikin busasshiyar kwalba, tun da yake dakakke ba ya daɗewa bai yi ɗoyi ba.

Ana iya zuba shi cikin kunu ko koko, a barbaɗa kan fate da ɗanwake, a haɗa da ƙuli-ƙuli a kwaɗon zogale, ko a yi miyar riɗi da ganye. 'Yan makaranta kuwa a ba su kantu su tafi da shi, ya fi alewar kanti nesa.

Akwai abin kiyayewa guda huɗu. Jariri har ya cika wata 6 nono kaɗai ya ishe shi. Kada a ba yaro ƙarami gyaɗa ɗungum, tana iya shaƙe shi. Gyaɗar da ta yi funfuna ko ta yi ɗaci a zubar, gama tana da dafin da ke ɓata hanta. Waɗansu mutane kuma jikinsu ba ya karɓar riɗi ko gyaɗa. A fara da kaɗan, in an ga ƙuraje, kumburin leɓe ko wahalar numfashi, a daina a nufi asibiti nan da nan. Haka kuma in ƙafafun yaro sun kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ko ya ƙi cin abinci, abin ya wuce kunu, sai asibiti.

Ga masu gida

Ƙasarmu ta jigawa ta karɓi riɗi, gama ba ya son ruwa da yawa, cikin wata 3 zuwa 4 ya nuna. Jigawa tana cikin jihohin da suka fi noma shi a Nijeriya. Da kaka motoci sukan kwashe shi zuwa kasuwar Dawanau a Kano, daga can ya bi jirgin ruwa zuwa Japan, Sin da Turkiyya. Mutanen can ba wawaye ba ne, sun san abin da suke saya.

Mun sani riɗi kuɗi ne. Da shi ake biyan kuɗin makaranta, a sayi taki, a yi wa iyali sutura. Ba mu ce kada a sayar ba. Amma ga lissafi na ƙarshe. Babban cokali ɗaya na riɗi giram 9 ne. Yara uku, cokali guda-guda kowace rana, shekara ɗaya cur, bai wuce kilo 10 ba. Ɗan kaɗan ne daga buhu guda, kuɗinsa kuma bai kai na jiyyar yaro ɗaya da ya kwanta a watan Agusta ba, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓi kuma ya yi yawa.

Hausawa sun ce gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Bana in an zazzage riɗi, maigida ya auna rabon yara tukuna, ya danƙa wa uwargida ta ɓoye a wuri busasshe, sa'an nan a ɗinke buhunan kasuwa.