Gumi da Rana, Ƙwayar Gajiya da Dare

Ƙodoji biyun da ke jikin mutum suna tace ruwan jini kimanin lita 180 a kullum, amma fitsarin da ke fita lita ɗaya da rabi ne ko biyu. Sauran duk suna mayar wa jiki. Su ne ke auna yawan ruwa da gishirin da za su zauna, su kuma zubar da datti.

Dubi lebura ko manomin rani a watan Afrilu. Tun hantsi yake zubar da gumi, bai sha ruwan kirki ba, fitsarinsa ɗan kaɗan, ja kamar shayi. Jinin da ke isa ƙodarsa ya riga ya ragu. Da magariba sai ya tsaya wurin mai kemis ya ce, "Malam, a haɗa min na gajiya." A irin wannan haɗin sau da yawa akwai diclofenac ko ibuprofen, waɗanda ke ƙara tauye jinin da ke shiga ƙoda. Sau ɗaya jiki kan jure. Idan abin ya zama na kullum, ɓarna ce ake tarawa. Haka ma jiƙe-jiƙen da ba a san me aka zuba ba, ga amai da gudawa da ke iya tsayar da ƙoda cikin 'yan kwanaki idan ba a ba da ruwan gishiri da suga ba.

Manyan masu kashe ƙoda dai su ne hawan jini da ciwon suga, kuma a ɓoye suke aikinsu shekara da shekaru. Kafin a ga kumburin ƙafa da fuska, tafiya ta yi nisa. A nan al'amarin ke juyewa: ruwan da ya kamata ya fita ya taru a jiki, har likita ya ƙayyade wanda za a sha. Wasu kuwa sai su ce sammu ne, a ɓata watanni.

Idan ƙoda ta gaza har ta kai ga wanki, sau uku ne a mako, awa huɗu kowane zama. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, amma gida nawa ne zai iya ɗaukar kuɗin? Mutanen Gashuwa da Haɗeja, inda ciwon ƙoda ya yi yawa, sun san amsar.

Idan kana da hawan jini ko suga, je a gwada jininka da fitsarinka sau ɗaya a shekara, ko da kana jin garau.