Shekarar Karatu a Jami'ar Ahmadu Bello: Taruka da Hidimomi Daga Rajista Zuwa Yaye

Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta fara aiki ranar 4 ga Oktoba, 1962, kuma Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, shi ne uban jami'ar na farko. A yau ta wuce a kira ta makaranta kawai. Gari ce guda, da asibitinta da bankinta da kasuwarta da masallatai da majami'u, har da madatsar ruwa ta Kubanni da ke shayar da ita. Babban mazauninta yana Samaru. A Kongo ake karatun shari'a da harkokin mulki, asibitin koyarwa kuma yana Shika. Dubban ɗalibai da malamai da sauran ma'aikata da ke kai da kawowa a waɗannan wurare, abu ɗaya ne ke tsara musu shekara: jadawalin karatu da majalisar malaman jami'a, wadda ake kira Sanet, take zama ta amince da shi.

Jadawalin ya raba shekara zuwa zango biyu. Kowane zango yana ɗaukar kimanin mako 15 na lacca, sannan jarrabawa ta biyo baya. A da, jami'o'in Najeriya kan buɗe wajen watan Oktoba su rufe tsakiyar damina, har iyaye sun saba da lissafin. Yajin aikin ƙungiyar malamai ta ASUU ya rikita wannan tsari. Na 2020, wanda ya haɗu da kullen annobar korona, ya kai wata tara, na 2022 kuma ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Saboda haka babu wanda zai iya cewa wata kaza ake rajista ko wata kaza ake yaye. Abin dogaro shi ne sanarwar da ofishin magatakarda ya fitar, a shafin jami'a na intanet ko a allunan sanarwa na tsangayu da sassa. Takardun bogi masu ɗauke da tambarin jami'a sukan yawata a WhatsApp, musamman kan ranar komawa hutu, kuma sun sha sa ɗalibai yin tafiyar banza daga garuruwa masu nisa.

Hidimar farko ita ce rajista. Sabon ɗalibi yana zuwa ne bayan ya zauna jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ya tsallake tantancewar jami'a, sannan ya karɓi gurbinsa a shafin hukumar. A Zariya zai nuna ainihin takardunsa, ya biya kuɗin makaranta, ya zaɓi kwasa-kwasan da zai ɗauka. A wannan zaɓi ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Kwas ɗin da ɗalibi bai yi wa rajista ba, ko ya halarci laccarsa duka ya ci jarrabawarsa, ba za a lissafa masa makin ba. Kowane sashe yana da malamin da aka ɗora wa kula da kowane aji, kuma aikinsa ke nan ya duba takardar ɗalibi kafin ya sa hannu. Akan ba da ɗan lokaci na ƙara kwas ko cire shi. Idan lokacin ya wuce, gyara sai da wahala mai yawa.

Neman wurin kwana yana tafiya tare da rajista. A Samaru ɗakunan kwanan maza sun haɗa da Danfodiyo da Akenzuwa da Ramat, na mata kuma akwai Amina da Ribadu da Alexander, wanda ya ci sunan Norman Alexander, shugaban jami'ar na farko. Gadajen ba su isar masu nema, shi ya sa akan fifita 'yan ajin farko da 'yan ajin ƙarshe da masu buƙata ta musamman. Sauran sukan kama haya a cikin garin Samaru ko unguwannin da ke kewaye, inda kuɗin ɗaki da na ruwa da na abin hawa ke ƙaruwa a kan aljihun iyaye. Sayar da gado ga wani ɗalibi laifi ne a dokar jami'a, ko da yake ba a daina yi ba.

Bayan an kammala rajista sai taron wayar da kan sababbin ɗalibai, sannan bikin rantsar da su. Bikin rantsuwa ya fi jan jama'a, domin ranar ce ake sa riga da hular boko, a ɗauki hotuna, iyaye su zo da abinci. Yana da ma'ana ta shari'a: daga ranar da ɗalibi ya yi rantsuwar bin dokokin jami'a ne ya zama ɗanta na haƙiƙa. Amma ta fuskar amfani, taron wayar da kai ya fi shi nesa ba kusa ba, kuma shi ne aka fi gudu. A nan ne shugaban sashen harkokin ɗalibai da jami'an laburare da likitoci da jami'an tsaro ke tsayawa ɗaya bayan ɗaya su bayyana abin da ofisoshinsu ke yi, da inda suke, da yadda ake kai ƙara. Ɗalibin da ya tsallake wannan zama yakan yi shekara biyu yana biyan kuɗi a waje kan abin da ya riga ya biya wa jami'a tun ranar rajista.

Laburare shi ne misali mafi kusa. Babban laburaren Samaru yana ɗauke da sunan Sir Kashim Ibrahim, gwamnan Jihar Arewa daga 1962 zuwa 1966, na Kongo kuma sunan shugaban Amurka Kennedy aka sa masa. Yawancin ɗalibai sun san shi a matsayin wurin karatu mai shiru idan jarrabawa ta ƙarato. Aikinsa ya fi haka yawa. Akwai aron littattafai, da sashen da ke ajiye kundayen binciken da aka rubuta a jami'ar, da ɗakin kwamfutoci inda ake buɗe mujallun ilimi na ƙasashen waje waɗanda mutum ɗaya ba zai iya sayen su ba. Ma'aikatan wurin suna koyar da yadda ake neman bayani, kuma mai rubuta kundin kammala digiri da ya je musu da wuri yakan rage wa kansa wahalar watanni. Mai binciken tarihin Arewa yana da ƙarin taska a Gidan Arewa da ke Kaduna, tsohon gidan Sardauna, wanda ke ƙarƙashin jami'ar.

Kiwon lafiya yana hannun asibitin jami'a, wanda ɗalibai ke kira sikbe. A cikin kuɗin rajista akwai kason inshorar lafiya ta ɗaliban manyan makarantu, kuma shi ke ba ɗalibi damar ganin likita da karɓar magungunan yau da kullum. Sharaɗin shi ne ya buɗe kati tun yana da lafiyarsa. Wanda ya bari sai zazzaɓi ya kwantar da shi da tsakar dare yakan sha jinkirin da bai kamata ba. Ciwon da ya fi ƙarfin sikbe akan tura shi Shika. Akwai kuma cibiyar ba da shawara, inda ake sauraron masu fama da damuwa, ko shaye-shaye, ko faɗuwa jarrabawa, ko cin zarafi daga malami ko ɗalibi. Kunya da tsoron tonon asiri suna hana mutane zuwa, alhali aikin wurin a kan riƙon sirri aka gina shi. Ya kamata iyaye su san da wannan ofishi kamar yadda suka san ofishin biyan kuɗi.

Ta ɓangaren kuɗi, akwai asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, wanda aka sa hannu a dokarsa a watan Afrilu na 2024. Rancen ba shi da ruwa. Asusun yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, yana kuma ba wanda ya nema kuɗin kashewa na wata-wata, wanda aka fara da naira 20,000. Ana fara biya ne shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Hukumomin ba da tallafin karatu na jihohi su ma sukan aiko jami'ansu su tantance 'yan jiharsu, kuma ta bakin ƙungiyoyin ɗalibai na jihohi aka fi jin ranar zuwansu.

Idan zango ya kankama, taruka sukan yi yawa har su yi karo da juna. Mafi daraja a cikinsu ita ce laccar da farfesa ke gabatarwa don bayyana wa jama'a abin da ya shafe rayuwarsa yana bincike a kai. Shiga kyauta ce, ba a tambayar kowa katin shaida, kuma ana so mai laccar ya yi magana yadda wanda ba ɗan fanninsa ba zai gane. Abin takaici ne a ga abokan aikinsa da danginsa sun cika zaure, ɗalibai kuwa 'yan ƙalilan. A sassa kuma akwai zaman da ɗaliban digiri na biyu da na uku ke kare bincikensu gaban malamai. Ɗan ajin ƙarshe da ya zauna a bayan ɗaki ya saurara sau biyu ko uku zai gane irin tambayoyin da ke jiransa.

Wasu tarukan sun shafi mutanen da ba su taɓa zama a aji ba. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda ta girmi jami'ar da shekara 40 domin tun 1922 take, tana yin taron shekara-shekara na bitar bincike da tsara noman damina, inda masana da malaman gona ke haɗuwa. Daga nan ne irin masara da dawa da wake da gyaɗa da auduga masu ɗauke da sunan Samaru suka fito suka bazu a gonakin Arewa. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika ita ta samar da kajin ƙwai da ake kira Shika Brown, asibitin dabbobi na jami'ar kuma yana karɓar dabbobin ma'aikata da na mutanen gari.

Rayuwar ɗalibai tana da nata bukukuwan. Masu karatun wasan kwaikwayo suna nuna ayyukansu a wani dandali da aka gina da ƙasa bisa salon ginin Hausa, 'yan sashen zane da sassaƙa kuma suna baje kolin aikinsu a ƙarshen shekara. Ƙungiyoyin jihohi da na ƙabilu sukan yi ranar al'ada, ɗaliban Hausa su yi Makon Hausa da muhawara da waƙoƙi da kacici-kacici. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi, wadda aka kafa a Legas a 1954, da ƙungiyoyin ɗalibai Kirista, ban da wa'azi da ibada, suna shirya darussan bita kyauta ga 'yan ajin farko, kuma wannan taimako ya tsamo mutane da yawa daga faɗuwa. A fagen wasanni akwai gasar tsangayu, daga cikinta ake zaɓen masu wakiltar jami'a a gasar jami'o'in Najeriya ta NUGA, wadda aka fara a Ibadan a 1966.

Ma'aikata su ma jadawalin ya shafe su. Kowace shekara ana cika takardun auna ƙwazo, waɗanda a kansu ake duba ƙarin girma, kuma malami ba ya hawa mataki sai da binciken da ya wallafa. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana ɗaukar nauyin ƙaro karatun malamai da halartar tarukan ilimi da ƙananan bincike, amma ta hannun jami'a ake nema, kuma wa'adin yakan zo a ƙure. Akwai makarantun firamare da sakandare na 'ya'yan ma'aikata, da gidajen zama waɗanda ba su wadatar ba, da ƙungiyoyin adashi da ke ba da rance da kayan abinci lokacin azumi da bukukuwa. Ƙananan ma'aikata, irin su masu gadi da direbobi da masinjoji, su ne labari ya fi wucewa, domin yawancin sanarwa da Turanci ake rubuta ta, a kuma saka ta a intanet. Fassara muhimman sanarwa zuwa Hausa ba zai ci wa jami'a wani kuɗi ba.

Zango yana ƙarewa da jarrabawa. Doka ta ce sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 na laccoci kafin ya zauna, kuma wani kaso na makin ya riga ya fito daga gwaje-gwajen tsakiyar zango. Kwas ɗin da aka faɗi sai an maimaita shi a shekara mai zuwa. Satar amsa tana iya kai wa ga kora, bayan kwamitin ladabtarwa ya saurari wanda ake zargi. Wanda rashin lafiya ta hana shi zama, takardar asibitin jami'a ce hujjarsa. Masu karatun injiniya da kimiyya da aikin gona kuma sukan tafi sanin makamar aiki na wasu watanni a ma'aikatu, ƙarƙashin shirin SIWES da aka fara a 1973.

Bikin yaye ɗalibai shi ne taro mafi girma. Akan fara shi da lacca ta musamman, sannan a taru a dandalin Mamman Kontagora, inda uban jami'a ke tabbatar da digiri, a karrama waɗanda suka fita da daraja ta ɗaya, wato masu matsakaicin maki 4.50 zuwa sama cikin 5.00. Likitoci suna da nasu bikin rantsuwa daban, masu digirin shari'a kuma sai sun wuce makarantar horas da lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda ta Jihar Kano. Sa rigar yaye ba ya nufin an gama da jami'a. Sai Sanet ta amince da sakamako, ɗalibi ya zaga laburare da ɗakin kwana da ofishin kuɗi an sa masa hannu cewa ba a bin sa komai, sannan a aika sunansa hukumar hidimar ƙasa. Idan sunan ko ranar haihuwar da ke takardun jami'a ya saɓa da na JAMB, kiran hidima yakan tsaya har sai an gyara. Wanda ya haura shekara 30 a ranar da ya kammala ba ya zuwa hidima, takardar yafewa ake ba shi.