Me ya sa wasu fayiloli ke fitowa da ja a Linux?

A Linux, umarnin ls kan jero fayiloli da launuka. Fayil mai izinin setuid, kamar passwd, kan fito da farin rubutu a kan ja, domin yana aiki da ikon mai shi, galibi babban mai kula da na'urar. Irinsa masu kutse suka fi farauta.

Sai dai tun daga coreutils 9.1 na 2022, fayilolin da setcap ya ba wani yanki na wannan iko sun daina samun launi, saboda binciken na jawo jinkiri. Mai son gwadawa ya ba wani fayil iko da setcap, ya ƙara ca=30;41 cikin LS_COLORS, sannan ya jero. Baƙin rubutu a kan ja ya kamata ya gani.