Manhajar kwastomomi: wane lissafi za a bar wa na'ura?

A Nima da Maamobi da ke Accra, ɗan kasuwar da ya ajiye littafin bashi ya koma manhajar kula da kwastomomi, wato CRM, sai ya zaɓi yadda na'ura za ta riƙa yi masa lissafi.

Hanyoyin biyu ne. A manhaja irin Salesforce akwai gurbin da ke sake lissafi duk lokacin da aka buɗe shafin kwastoma. Akwai kuma umarnin da ke lissafi sau ɗaya ranar ciniki, ya rubuta adadin ya bar shi.

Ta farko ta dace da abin da ke motsi, kamar kwanakin da bashi ya yi ba a biya ba. Ga haraji kuwa tarko ce. Harajin tura kuɗi ta waya a Gana, E-Levy, ya fara a Mayun 2022 da kashi 1.5 cikin ɗari, ya sauka zuwa kashi 1 a Janairun 2023, aka soke shi a Afrilun 2025. Wanda ya saka shi a gurbi mai sake lissafi, yana gyara adadin sai tsofaffin bayanansa duka su sauya, su daina dacewa da saƙonnin MoMo. Haka ma mai sayo albasa daga Nijar da sefa ya sayar da sidi: canjin ranar ciniki ne ya kamata ya zauna.

Farashin da sai an yi tayi kafin a sallama kuwa, gara a ci gaba da shigar da shi da hannu.