Abin da ya kamata ku sani game da gyara silon injin jirgin ruwa

Duk wanda ya saba da tashar jiragen Baga ko ta Yawuri ya san injin da ake maƙalawa a bayan kwalekwale, irin Yamaha mai ƙarfin doki 15 ko 40. Ya kuma san halinsa idan silo ya lalace. Jirgi na gab da gaɓa, direba ya saki totur don ya sa giyar baya, sai inji ya yi shiru. Jirgi ba shi da birki, farfela ce ke tsayar da shi, don haka mutuwar inji a wannan lokacin ba ƙaramin haɗari ba ce, balle ga jirgin da ya ɗauko mutane da buhuna.

Silo shi ne juyin da inji ke yi shi kaɗai idan an saki totur. In ya yi ƙasa, inji ya riƙa mutuwa da an sa giya. In ya yi sama, giya ta riƙa shiga da ƙara "ƙwas", jirgi ya yi zabura, haƙoran giyar kuma su cinye a hankali. Gyaran giya kuwa ya fi na kafireto tsada.

A jikin kafireto akwai sukuru biyu da mutane ke rikitawa. Na farko yana da sifirin a jikinsa, bakinsa kuma yana tokare da hannun totur. Shi ne na silo: a ɗaure shi inji ya ƙara gudu, a sassauta ya ragu. Na biyu yana shiga cikin kafireton ne, aikinsa daidaita yawan fetur da iska yayin da inji ke silo. Galibi na farkon kaɗai ake bukatar taɓawa.

Kafin a ɗauki sukuddireba, a duba abin da ba ya bukatar ta. Ƙaramin murfin iska na kan tanki a buɗe yake? Cok ya koma? Filogi ya yi baƙi? Tiyon mai na shan iska? Akwai ruwa a fetur? Wannan na ƙarshen yana yawan faruwa, musamman inda ake sayen mai a jarka a bakin ruwa. Sai kuma haɗin mai. Injin da ake gauraya wa fetur da baƙin mai yawanci yana son kashi 50 na fetur da kashi 1 na mai, wato rabin lita a cikin lita 25. Wanda ke zubawa da ido zai sha hayaƙi, filogi ya jiƙe, ya zo yana zargin kafireto.

Gyaran kansa a cikin ruwa ake yinsa, kuma dalilai biyu ne. Ruwan da jirgi ke ciki shi ke sanyaya injin, robar famfonsa tana ƙonewa nan da nan idan aka tayar da shi a tudu babu ruwa. Na biyu kuwa, hayaƙin irin wannan injin ta ƙarƙashin ruwa yake fita, yawanci ta tsakiyar farfela, ruwan kuma yana danne shi. Injin da aka daidaita a kan benci da tiyon ruwa zai yi silo mai daɗin ji, amma da an jefa jirgi a kogi sai ya faɗi.

A ɗaure jirgi tam. A tayar da inji a firi, a tabbata ruwan sanyi na tsartuwa ta baya, a bar shi ya yi zafi kamar minti biyar. A cire murfi, a kula da babbar riga ko rawani, domin faifan da ke juyi a saman inji ba ya jin bari. Sannan a murɗa sukurun silo kwatan zagaye kawai, a dakata, a saurara. Inji ba ya amsawa nan take. A sa giyar gaba, a dawo firi, a sa ta baya. Abin da ake nema shi ne mafi ƙanƙantar gudun da inji zai riƙe cikin giya ba tare da ya mutu ba. Kowane samfuri da adadinsa a littafin kamfani, yawanci tsakanin juyi 700 zuwa 1,100 a minti ɗaya, kuma a firi ya fi na cikin giya yawa. Akwai ɗan agogon awon juyi da ake naɗa wayarsa a wayar filogi. Ya fi kunne gaskiya, ko da kunnen tsohon bakanike ne.

Idan har ya zama dole a taɓa sukuru na biyu, a fara ƙirga zagayen da zai yi kafin ya zauna, don a iya mayar da shi inda yake. A hankali ake ɗaure shi, domin bakinsa siriri ne, matsewa da ƙarfi na ɓata shi. Inji mai atishawa yana neman mutuwa fetur ya yi masa kaɗan. Mai gurnani da hayaƙi da yawa kuwa ya yi masa yawa. A ganina gara ya ɗan yi yawa, tunda a injin gauraye man da ke shafa fistin cikin fetur yake tafiya, rage fetur rage mai ne.

Wani abin da ke ɓata injuna shi ne ƙara silo don ɓoye datti. Ramin da fetur ke bi a lokacin silo bai wuce kaurin allura ba. In ya toshe, ba sukurun da zai buɗe shi, sai an kwance kafireto an wanke an hura. Injin mai kafireto biyu ko uku kuma sai an daidaita su tare, wannan aikin bakanike ne.

Don haka in kun murɗa sukurun silo ya kai zagaye guda inji bai daidaita ba, ku mayar da shi inda yake, ku kai a wanke kafireto kafin ku ɗauki fasinja.