Iyakar Ikon Manaja a Kan Ma'aikaci

Manaja yana da ikon raba aiki da tsawatarwa, yana kuma iya ba ma'aikaci takardar tuhuma in ya yi laifi. Amma albashin mutum ba ya cikin abin da ya mallaka. A Nijeriya, Dokar Ƙwadago ta 1974 ta haramta zaftare albashi da sunan tara. Ko da ma'aikaci ya jawo asara da gangan ko don sakaci, sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce kafin a cire ko sisi. Wannan doka ta fi shafar leburori da ƙananan ma'aikatan ofis. Manyan ma'aikata kan dogara ne da yarjejeniyar da suka sa wa hannu.

Shi ya sa takardar ɗaukar aiki take da nauyi. Doka ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3 da farawa, amma da yawa suna shekaru ba su da ita, suna jin nauyin tambaya. Wannan kunya tana cutarwa, domin ranar da rigima ta taso, takarda ake dubawa.

Mugun manaja ba kasafai yake kora kai tsaye ba. Sai ya riƙa cin mutuncinka a gaban na ƙasa da kai, ya janye maka aiki, ya hana ka hutu, har ka gaji ka ajiye da kanka. Kada zafin rai ya sa ka rubuta takardar murabus a ranar. Amsa kowace tuhuma a rubuce, cikin ladabi, ka riƙe kwafi. Rubuta ranar da abu ya faru da waɗanda suka shaida. Kai kuka ga sashen kula da ma'aikata, sannan ƙungiyar ƙwadagonku. Doka ta hana a kori mutum don ya shiga ƙungiyar ƙwadago.

In duk wannan bai yi ba, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba hurumin sauraron ƙarar rashin adalci, wariya da cin zarafin mata a wurin aiki. Tana da rassa a Kano da Kaduna, kuma ta sha yanke cewa wanda aka matsa wa har ya yi murabus, korarsa aka yi, yana iya neman diyya.