Haƙƙin Majinyaci da Nauyin da ke Kansa a Jinyar Sassauta Raɗaɗi

Gabatarwa

A Hausa kalmar "majinyaci" tana ɗauke da ma'ana biyu. Ana faɗinta ga wanda ke kwance da ciwo, ana kuma faɗinta ga wanda ke zaune a gefensa yana ɗawainiya da shi. A wannan lacca ma'ana ta farko ake nufi, ko da yake ba za a rabu da ta biyun ba. Za a taƙaita bayani ga mutumin da ciwonsa ya kai matsayin da likitoci ba su sa ran warkewa, kamar ciwon daji da ya bazu a jiki, ko ciwon ƙoda da ya yi nisa. Kulawar da ake ba irin wannan mutum ita ake kira jinyar sassauta raɗaɗi.

Asalin Wannan Jinya

A shekarar 1967 wata likita Baturiyar Ingila, Cicely Saunders, ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a birnin Landan. Ta koyar da cewa raɗaɗin mai ciwon ajali ya haɗa da na jiki, da na zuciya, da damuwar iyali, da tunanin makoma. Ta kuma nuna amfanin ba da magani a kan lokaci, tun kafin zogi ya dawo. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari mai hawa uku: magani mai sauƙi kamar farasitamol, sa'an nan matsakaici kamar kodin, sa'an nan mai ƙarfi kamar mofin. A Afirka kuwa, Dakta Anne Merriman ta kafa irin wannan aiki a Kampala a 1993, kuma a 2004 Uganda ta ba ma'aikatan jinya masu horo na musamman izinin rubuta ruwan mofin.

Haƙƙoƙin Majinyaci

Na farko shi ne a sassauta masa zogi. Mutane da yawa suna tsoron mofin, suna ganin kamar yana gaggauta ajali. Alhali idan likita ya auna shi daidai da ƙarfin ciwo, aikinsa shi ne ya ba mutum damar yin barci da ibada da hira da iyalinsa.

Na biyu, wanda shi ne ginshiƙin sauran, shi ne sanin gaskiyar halin da yake ciki. Sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda aka kafa a Nijeriya a 2014, ya wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majinyaci matsayin lafiyarsa, da hanyoyin maganin da ake da su, da amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu. An keɓe hali ɗaya kawai, wato inda akwai ƙwaƙƙwarar hujja cewa sanarwar za ta cutar da shi.

A nan ne doka da al'ada suke karo. Sau da yawa dangi sukan ja likita gefe su roƙe shi kada ya faɗa wa mai ciwo, don gudun kada zuciyarsa ta karaya. Tausayi ne ke sa su, amma a dubi abin da kan biyo baya. Akan sayar da gona da shanu ana yawon asibitoci, mai dukiyar bai san cewa babu warkewa ba. Akwai bashin da shi kaɗai ya san da shi, da amanar da aka ba shi ajiya, da wanda yake so ya nemi gafararsa. A shari'ar Musulunci ana biyan bashi kafin a raba gado, kuma mutum yana da ikon yin wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba. Wanda aka ɓoye wa halinsa an hana shi lokacin da zai kintsa duk waɗannan. Sanar da shi ba ya nufin a yanke masa rana, domin ajali na Allah ne. Likita mai hikima yakan fara da tambayarsa abin da ya fahimta, ya bi shi a hankali. In kuwa ya ce a gaya wa wansa ko babban ɗansa a madadinsa, wannan ma haƙƙinsa ne.

Na uku shi ne ikon ƙin magani. A 2001, a shari'ar Dakta Okonkwo, Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta tabbatar da cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin karɓar magani, har da ƙarin jini. Wannan ya sha bamban da neman a ɗauke masa rai, wanda dokar ƙasa ta haramta. Na huɗu shi ne rufa masa asiri, kada a bayyana ciwonsa ga kowa sai da yardarsa ko bisa umurnin doka.

Nauyin da ke Kansa

Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Wajibi ne majinyaci ya faɗi duk abin da yake sha, har da jiƙo da sassaƙe, domin wasu suna wahalar da ƙoda da hanta. Ya kuma faɗi ƙarfin zoginsa, kada dauriya ko kunya ta sa ya ce da sauƙi alhali bai runtsa ba, domin da maganarsa ake auna magani. Mofin amana ne a hannunsa da na iyalinsa: a kulle shi, kada a sam wa wani, a mayar da ragowarsa asibiti. Daɗin daɗawa, tun yana cikin hayyacinsa ya kamata ya ambaci wanda zai yi magana a madadinsa, a gaban shaidu, don kada 'ya'ya su yi ta jayayya a bakin gadonsa. Haka kuma ya mutunta ma'aikatan da ke kula da shi.

Kammalawa

A 2014 Babban Taron Lafiya na Duniya ya nemi ƙasashe su shigar da wannan jinya cikin tsarin lafiyarsu tun daga ƙananan asibitoci. Cika wannan ya rataya a wuyan ma'aikatan gwamnati masu tsara kasafi, da sayo magani, da horar da malaman asibiti. Ɗalibai kuma, waɗanda sau da yawa su ne tafintoci tsakanin likita da iyayensu, nauyinsu shi ne su isar da maganar likita yadda ya faɗe ta, cikin ladabi, ba ragi ba ƙari.